Amsar Wasiƙunku: Shin Kulle Biyu Ya Fi Ɗaya?

Wani mai sauraronmu, malamin makaranta daga Hanwa a Zariya, ya rubuto yana cewa yakan ɓoye tambayoyin jarrabawa ta hanyar gusar da haruffa. Yana tambaya: idan ya ɓoye rubutu sau biyu, mabuɗai nawa mai leƙe zai gwada kafin ya buɗe?

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Dabarar da kake yi tsohuwa ce, Julius Kaisar na Rum ya yi amfani da ita. Yakan gusar da kowane harafi gaba da uku, A ta zama D, B ta zama E. A haruffan Turanci 26, gushin da zai yiwu 25 ne kacal, kuma yawan gushin shi ne mabuɗin.

Sai ka ce, ai in na yi sau biyu, 25 sau 25, mabuɗai 625 ke nan. A'a, Malam, nan lissafin ke yaudara. Gusa uku, ka sake gusa biyar, ai gusa takwas ka yi. Duk 625 ɗin nan sakamako 26 kawai suke bayarwa, har ma akwai ɗaya, kamar 13 da 13, da zai maido maka da rubutunka yadda yake, ɓaro-ɓaro. Yaro mai haƙuri kafin a tashi tara ya gama.

Ninki na gaskiya sai an haɗa dabaru iri daban. Bayan gushin, jera rubutun cikin layuka shida na tsaye, ka sauya musu wuri. Layuka shida ana iya jera su hanya 720. To yanzu 25 sau 720, mabuɗai 18,000 ke nan. Sojojin Jamus sun haɗa musanyar haruffa da irin wannan sauyin wuri a 1918, amma duk da haka Bafaranshe Georges Painvin ya warware saƙonninsu a shekarar.

Domin kuwa mai warwarewa ba dole ya bi mabuɗai ɗaya-ɗaya ba. Tun ƙarni na 9 Al-Kindi ya nuna a Bagadaza cewa ƙirga harafin da ya fi yawan fitowa yana tona asirin musanya. A Turanci E ce ta fi yawa, sauya wuri kuwa ba ya rage yawanta. Saboda haka Malam, takardun jarrabawa dai a sa su a akwati a datse da kwaɗo.