Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Sauyin Yanayi da Shirin Kare Lafiya a Sahel

A daren Litinin wayewar garin Talata, 10 ga Satumba, 2024, mutane da yawa a Maiduguri sun farka ne da jin ruwa a ƙarƙashin katifa. Madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda, kimanin kilomita 20 daga birnin, ta ɓalle. Kafin hantsi ruwa ya cika Gwange, ya shiga babbar kasuwa da fadar Shehun Borno da gidan yari, ya kutsa gidan namun daji har kadoji da macizai suka biyo shi cikin unguwanni. Asibitin koyarwa na jami'a, inda ya kamata a ruga da waɗanda suka jikkata, shi ma ruwan bai bar shi ba. Mutum wajen 400,000 ne suka bar gidajensu.

Tun ruwan bai janye ba ma'aikatan lafiya suka san abin da ke tafe. Ambaliya ta tone masai, ta kwashi ƙazantar ta juye a rijiyoyi, ga dubban mutane cunkushe a makarantu suna shan ruwa ɗaya. A farkon Oktoba gwamnatin Borno ta sanar da ɓullar kwalara.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba shi ne, ruwan bai zo a ɓoye ba. Tun watan Afrilun wannan shekarar masana yanayi na yankin suka ce daminar za ta fi yadda aka saba ruwa a yawancin Sahel. A watan nan dai hukumar NIHSA mai lura da koguna a Najeriya ta lissafa ƙananan hukumomi 148 a jihohi 31 da ke cikin babban haɗarin ambaliya. Watanni kusan biyar ke nan tsakanin gargaɗi da aukuwa. Abin da ake yi a irin waɗannan watanni, ko abin da ake kasa yi, shi ne ke raba wanda zai rayu da wanda za a binne.

Cututtukanmu suna da kalanda

Tsofaffinmu ba su karanta ilimin annoba ba, amma sun san kowace cuta da lokacinta. Idan hazo ya turnuƙe, leɓe ya tsage, zafin bazara ya kankama, sai a fara fargabar sanƙarau da ƙyanda. Da ruwan farko ya sauka sanƙarau sai ya lafa. Idan damina ta yi nisa, kududdufai suka cika, hatsi ya yi ƙasa a rumbu, sai zazzaɓin cizon sauro da tamowa da amai da gudawa su karɓi fage. A kan wannan kalanda ma'aikatun lafiya suke tsara aikinsu: yaushe za a sayo magani, yaushe za a raba gidan sauro, yaushe za a fita rigakafi.

Ɗumamar duniya tana birkita wannan lissafi. Duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri 1, takan iya ɗaukar ƙarin danshi da kusan kashi 7 cikin 100. Idan ta tashi sauke shi, sai ta sauke a yini ɗaya abin da a da takan raba wa makonni. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, ya gano cewa mamakon ruwa mai ƙarfi a Sahel ya ninka sau uku. Ƙasar da ta bushe ta ƙeƙashe ba ta iya shanye irin wannan ruwa, sai ya bi gari. A daminar 2024 kaɗai ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar da sama da 500 a Chadi, ta kuma rusa tsohon masallacin ƙasa na Birni a Damagaram.

Bazara ma ta ƙara wuta. Ranar 3 ga Afrilu, 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan, alhali a duk Afrilun shekarar da ta gabata 130 ya ƙirga. Yawancinsu tsofaffi ne. Abin takaicin, duk Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Wani ya ci, wani ke wanke kwano.

Sanƙarau: darasin da aka saya da rayuka

Wanda ya yi wayo a 1996 ba zai manta ba. A wannan annoba sanƙarau ya kama sama da mutum 250,000 a Afirka, ya kashe kusan 25,000, kuma arewacin Najeriya ne ya fi ɗanɗana kuɗarsa. Allurar rigakafi ta iso bayan an gama haƙa kaburbura. A shekarar da ta biyo, 1997, Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka kafa rumbun ajiyar allurai na gaggawa, domin ƙasar da annoba ta faɗa wa ta nema ta samu cikin kwanaki.

Ƙasashe 26 ne ke cikin zirin da sanƙarau ke yawo, daga Senegal har Habasha, kuma suna aiki da ma'auni ɗaya. Idan a mako guda aka samu mutum 3 cikin kowane 100,000 a gunduma da alamun cutar, an shiga matakin faɗakarwa: a ɗebi ruwan ƙashin baya a kai ɗakin gwaji, a duba abin da ke ɗakin magani. Idan adadin ya kai 10, annoba ce, sai a fita allura. A birnin Yamai akwai cibiyar ACMAD, wadda ke bin ƙura da danshin iska da zafi tana fitar da taswirar wuraren da ya kamata a sa wa ido. Mai duba sama da mai duba majinyaci sun zama abokan aiki.

A Disambar 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, Najeriya ta biyo baya a 2011. Nau'in A na sanƙarau, wanda shi ne ke haddasa manyan annobobi, ya kusan ɓacewa. Sai nau'in C ya ɗago kai a Nijar a 2015, ya kuma kashe sama da mutum 1,000 a Najeriya a 2017, mafi yawa a Zamfara da Sakkwato da Katsina. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar a lokaci guda. Wannan tarihi yana nuna cewa shiri yana aiki, yana kuma nuna cewa cuta ba ta barci don mun yi nasara sau ɗaya.

Cokali ɗaya, wata huɗu

Wanda ke zaune a Katsina ko Maraɗi ko Dutse ya san su. Da damina ta kankama za ka ga mata biyu da jaka da littafi suna sallama gida-gida. Su zauna a tabarma, su tambayi shekarun yara, su narka ƙwayoyi biyu a cokali da ɗan ruwa, su ba yaro a gabansu. Su bar wa uwa ƙwaya biyu, ɗaya gobe ɗaya jibi, su cika kati, su yi alama da alli a bango. Bayan kwana 28 su dawo.

Wannan shi ne maganin rigakafin zazzaɓin damina da ake ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, aka fara gwada shi a Najeriya a jihar Katsina a 2013. Zuwa 2023 yara sama da miliyan 50 ke samun sa a Afirka, fiye da rabinsu a Najeriya. Hikimarsa duk tana ga lokaci. An gina shi ne a kan cewa a Sahel yawancin zazzaɓin shekara yana taruwa cikin wata huɗu. Idan damina ta yi sammako, ko ta daɗe, ko ambaliya ta bar tabkuna har cikin kaka, sauro zai riga magani zuwa ko ya daɗe bayan ya ƙare. Shi ya sa a wuraren da damina ta fi tsawo ake yin zagaye biyar, kuma shi ya sa mai tsara rabon magani ke bukatar hasashen ruwan sama kamar yadda manomi ke bukatarsa.

Ruwa da cuta ba su san boda ba

Kogin Binuwai daga Kamaru yake fitowa. Idan aka buɗe madatsar Lagdo, Yola da Makurɗi da Lokoja ne ke kwana da ido ɗaya. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 a Najeriya, ta 2022 ta kashe sama da 600. Yanzu hukumomin Kamaru kan sanar kafin su saki ruwa, kuma kwanakin da wannan sanarwa ke bayarwa sun isa a kwashe majinyata da magunguna zuwa tudu, in har an yi amfani da su.

Haka kwalara. A 2021 Najeriya ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,600 suka rasu, kuma a daminar wannan shekarar ta 2021 cutar ta addabi Maraɗi da Damagaram. Wanda ya ci kasuwar Jibiya da safe yana iya kwana a Madarumfa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ne ƙasashen yankin suka kafa cibiyoyin haɗin gwiwa. Bayan farin shekarun 1970 aka kafa AGRHYMET a Yamai a 1974, kuma ita ce ke tara masana kowace shekara kafin damina su fitar da hasashe. A 1987 ECOWAS ta kafa hukumar lafiyarta, WAHO, aka ajiye ta a Bobo-Dioulasso. Bayan annobar Ebola aka samar da cibiyar sa ido kan cututtuka ta yankin a Abuja, Tarayyar Afirka kuma ta buɗe tata a Addis Ababa a Janairun 2017. Aikinsu shi ne jami'in lafiya na wannan ƙasa ya ji abin da ke faruwa a waccan tun cutar ba ta hau mota ba.

Siyasa ta taɓa wannan zumunci. An rufe iyakar Najeriya da Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris ɗin 2024, kuma a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. Kowa da hujjarsa. Amma ƙurar da ke tasowa daga Chadi ba ta tsayawa a shingen kwastan. Duk saɓanin da shugabanni za su yi, layin wayar da ke tsakanin likitan Birnin Ƙonni da na Illela bai kamata ya yanke ba.

Inda gizo ke saƙa

Hasashe yana fita, ana taro a otal, ana buga rahoto da Turanci ko Faransanci. Daga nan zuwa ɗan asibitin ƙauye tafiya ce mai nisa. Sau da yawa kuɗin gaggawa ba ya fitowa sai an ga gawa a talabijin. Allurar kwalara ma ta yi ƙaranci a duniya, har tun Oktoban 2022 aka koma ba da ɗigo ɗaya maimakon biyu a lokacin annoba, don haka ba abar jingina ba ce.

Shiri na gaskiya ƙananan abubuwa ne da ake yi a watan Mayu da Yuni. A kai ledojin ƙarin ruwa da gishirin ORS da sinadarin kulorin garuruwan da aka san hanya na yankewa. A ɗaga ɗakin magani da janareta daga ƙasa. A sa firjin allura mai aiki da hasken rana, tunda yawancin allurai suna lalacewa idan suka fita daga digiri 2 zuwa 8. A tantance makarantar da za a kai mutane, a haƙa mata masai tun babu kowa a ciki. A duba madatsun ruwa da rani. A fassara gargaɗi zuwa Hausa da Kanuri da Fulfulde da Zabarmanci, a miƙa wa gidan rediyo da mai unguwa da liman. A dawo wa duba-gari da martabarsa.

Gida ma yana da nasa rabon. A yashe kwata kafin ruwan farko, a daina tura shara cikinta. Bayan ambaliya kada a sha ruwan rijiya sai an tafasa ko an sa masa kulorin. Wanda gudawa mai kama da ruwan shinkafa ta kama, a fara ba shi ORS nan take, ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ana tafiya asibiti ana ba shi. In babu, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya. Kwalara na iya kashe ƙato cikin sa'o'i, amma idan aka kula da ita da wuri ko mutum 1 cikin 100 ba ta ɗauka. Zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba na kemis ba ne. A ranakun tsananin zafi a riƙa leƙa tsofaffin da ke kwance a ɗakin kwano, a fito da su inuwa, a jiƙa musu jiki, a ba su ruwa. A Najeriya ana kiran hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka kyauta a lamba 6232.

Wasu kan ce ruwa da annoba ƙaddara ce. Babu musu. Amma manomin da ya fi kowa tawakkali ma ba ya jiran hadari ya haɗo kafin ya nemi iri, tun kaka yake ware shi ya rataye a rumbu. Hasashen daminar baɗi zai fito kamar yadda ya saba, watanni kafin ɗigon farko. Ranar da ka ji shi a rediyo, ka tashi ka leƙa kwatar ƙofar gidanka, sannan ka bi ta asibitin unguwarku ka tambaya ko ledojin ƙarin ruwa sun iso.