Tsakanin Ƙuri'a da Caca: Ina Fassarar Kalmar "Lottery"?

Kwanakin baya wani ɗalibina ya tare ni bayan darasi, ya ce: "Malam, tallar nan da ake cewa a tura saƙo da Naira ɗari a ci mota, ƙuri'a ce ko caca?" Tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye, domin kalmar Turanci guda, wato lottery, ita ce masu fassara ke juyawa yadda suka ga dama: yau ƙuri'a, gobe gasa, jibi garaɓasa.

Tushen kalmar shi ne lot, ma'ana rabo ko kason da ya faɗo wa mutum. Turawa sun daɗe suna tara kuɗi ta wannan hanya. A Ingila, Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta ba da izinin irinta ta farko ta gwamnati a 1566, aka fitar da sakamako a 1569, don gyaran tashoshin jiragen ruwa da wasu ayyukan jama'a. Daga baya ma'anar ta faɗaɗa, ta haɗa duk wani zaɓi da aka bar wa sa'a. A watan Disamba na 1969 Amurka ta yi amfani da ita wajen tsara waɗanda za a fara kira aikin soja lokacin yaƙin Biyetnam, bisa ranar haihuwa. Wannan kam ba wanda ya yi fatan ci. Haka kuma shirin bizar Amurka da dokar 1990 ta kafa, mai guraben da suka kai 55,000 a shekara, da wannan suna aka san shi.

Hausa ta fi Turanci tsantseni a nan, domin ta raba abin gida biyu. Ƙuri'a aro ce daga Larabci, kuma aikinta raba gardama tsakanin masu haƙƙi ɗaya. 'Yan adashe kan jefa ta don sanin wa zai fara kwasa. Magada kan jefa ta bayan an daidaita kason gona. Wanda bai fito da fari ba bai yi asarar komai ba, nasa na nan tafe. Malamai ma sun nuna asalinta a ƙissar Annabi Yunusa da ta renon Nana Maryamu. Caca kuwa kowa zai zuba, kaɗan su kwashe, sauran su tashi hannu rabbana.

Saboda haka ma'aunin mai sauƙi ne. Shin an biya kuɗi kafin a shiga? Shin wanda bai ci ba kuɗinsa sun tafi? Shin daga aljihun waɗanda suka faɗi ake biyan wanda ya ci? Idan amsoshin duka i ne, sunan abin caca, ko da an yi masa ado da waƙa a rediyo.

Lissafi ma shaida ne. A wasan lambobin da ake zaro biyar daga cikin casa'in, damar lambobi biyun da ka zaɓa su fito duka kusan ɗaya ce cikin 400. Mai shirya wasan ba zai biya ninki 400 ba, in ya biya da me zai ci riba? Gibin da ke tsakani shi ne kuɗin cefanen magidanci da kuɗin makarantar ɗalibi.

Batun ya wuce aji. Najeriya ta yi dokar ƙasa kan harkar a 2005, amma a Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa hurumin na majalisun jihohi ne, dokar tarayya kuma ta tsaya a Babban Birnin Tarayya. Ke nan jihohinmu ne za su tsara nasu dokokin, kuma da Hausa za a bayyana su ga talaka. Idan mai fassara ya kira caca da ƙuri'a, ya wanke ta a kunnen mai sauraro. Idan ya kira ƙuri'ar raba rumfunan kasuwa da caca, ya shafa wa halal baƙin fenti.

Kirana ga 'yan jarida da masu talla da majalisun jihohi shi ne a duba yadda abu yake gudana kafin a raɗa masa suna. Shi kuwa ɗalibin nawa, na ce ya tambayi kansa inda Naira ɗarinsa za ta kwana idan motar ta tafi gidan wani.