Ina Ya Kamata A Ajiye Ƙari? Darasi Daga Wasannin Kwamfuta

Kwanakin baya wani ɗan ƙanwata da ke aji biyu na babbar sakandare ya shigo mini da kwamfutarsa, fuska a murtuke. Ya ce, "Kawu, wasana ya ƙi buɗewa." Da na bincika sai na tarar ya sauko da waɗansu fayiloli da ke canza tufafin mutanen cikin wasan, ya zuba su kai tsaye a kan fayilolin asali, kwamfuta ta tambaye shi ko ta maye gurbin na da, ya amsa mata da e. Ba shi da kwafin na asali. Wasan da ya wuce gigabait 10 ke nan sai an sāke sauko da shi, ga tsadar data, ga wutar lantarki da ba ta da tabbas. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu tattauna wata tambaya da ake raina ta, amma tana ɗauke da ilimi mai yawa: idan mutum zai yi wa wasan kwamfuta ƙari, a ina ya kamata ya ajiye ƙarin?

Mene Ne Mod?

Kowane wasan kwamfuta ya ƙunshi abubuwa iri biyu. Akwai injin wasan, wato jerin umarnin da ke lissafa motsi da haske da sauti. Akwai kuma kayan wasan, wato hotuna da taswirori da muryoyi waɗanda injin ke karantawa. Mod, kamar yadda masu wasa ke kiransa, fayil ne da wani mai sha'awa ya ƙirƙira domin ya canza ko ya ƙara wani abu cikin waɗannan kaya. Kada mai karatu ya ɗauka aikin banza ne. Wasan Counter-Strike ya fara ne a 1999 a matsayin mod na wasan Half-Life, wanda matasa biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka haɗa, kafin kamfanin Valve ya karɓe shi ya fitar da shi kasuwa a 2000.

Tushen Al'amarin

A 1992 kamfanin id Software na jihar Texas a Amurka ya fitar da Wolfenstein 3D. Masu wasa suka dinga canza hotunansa, amma hanya ɗaya ce a gabansu: su rubuta sabon abu a kan fayilolin asali. Wanda ya yi kuskure ya lalata wasansa, daidai da abin da ya sami yaron nan. Da John Carmack ya zo tsara injin wasan Doom, wanda ya fito ranar 10 ga Disamba 1993, sai ya raba inji da kaya. Kayan wasan duka aka tattara su cikin babban fayil guda mai suna WAD. Mai son yin ƙari sai ya haɗa nasa ƙaramin WAD ɗin daban, ya gaya wa injin ya karanta shi bayan na asali. Idan abu biyu suka zo da suna ɗaya, injin na ɗaukar wanda aka karanta daga baya. Ranar da mutum ya gaji da ƙarin, sai ya daina kiransa, wasa ya koma yadda yake. Babu abin da aka goge.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga ɗalibin ilimin halittu. Ƙwayar bakteriya tana da babban zaren gado guda, wato kromosom, inda umarnin rayuwarta yake. Bayan shi kuma sau da yawa tana ɗauke da ƙananan zobba na DNA da ake kira falasmid. Idan sabon gado ya kutsa tsakiyar wani muhimmin sashe na kromosom, yana iya lalata sashen har ƙwayar ta mutu. Idan kuwa a kan falasmid yake, ƙwayar za ta karanta shi ta yi aiki da shi, babban zaren kuma yana nan lafiya. A kan falasmid ne Stanley Cohen da Herbert Boyer suka ɗora sabon gado a 1973 suka shigar da shi cikin bakteriyar E. coli. Ƙa'idar ɗaya ce: a bar asali yadda yake, a ajiye ƙari a gefe.

Wurare Uku

A yau akwai wurare iri uku da ake ajiye mod, kuma tsarin wasan ne ke nuna wanda ya dace, ba son ran mai wasa ba.

Na farko shi ne cikin foldar wasan kanta. Wasan Skyrim na kamfanin Bethesda, wanda ya fito a 2011, yana neman kayansa a wata folda mai suna Data, saboda haka duk ƙarin da aka yi dole ne wasan ya gan shi a can. Haɗarin wannan wuri shi ne, idan aka zuba mod goma da hannu, fayilolinsu kan cakuɗe, wani ya danne wani, har mutum ya kasa gane wanne ne na wa ranar da zai cire ɗaya.

Na biyu shi ne wata folda ta musamman a ɓangaren mai amfani da kwamfutar, nesa da inda wasan yake. Wasan The Sims 4 na 2014 yana da folda mai suna Mods a cikin Documents. Shi kuwa Minecraft na kwamfuta, ana sa masa ƙari a foldar mods da ke cikin .minecraft, bayan an girka manhajar da ke loda su, kamar Forge. A nan sharaɗin shi ne a bi tsarin daidai. Alal misali, a The Sims 4 idan aka binne mod mai ɗauke da umarni cikin folda a cikin wata folda, wasan ba zai gan shi ba.

Na uku shi ne rumbu na daban wanda wata manhaja ke kula da shi. Manhajar Mod Organizer 2 tana ajiye kowane mod a foldarsa shi kaɗai, sa'an nan idan an kunna wasa ta cikinta sai ta nuna wa wasan kamar duk suna cikin Data, alhali ba ta taɓa foldar ba. Manhajar Vortex kuwa ta kan yi amfani da wata hanya: ta ba fayil guda suna na biyu a cikin foldar wasan, ba tare da ta kwafe shi ba. Irin wannan suna na biyu ba ya tsallaka daga wani faifan ajiya zuwa wani, shi ya sa wajibi ne rumbun ya kasance a kan faifai ɗaya da wasan. Wanda ya sa wasa a faifan D, rumbu a faifan C, zai ga aikin ya ƙi tafiya.

Ramuka Biyu A Kan Hanya

Tun daga Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a 2007, foldar Program Files tana ƙarƙashin kariya ta musamman, ba kowace manhaja ke da izinin rubutu a cikinta ba. Wannan kariya alheri ce, amma ta kan hana manhajojin mod aiki, wani lokaci ma ba tare da sun faɗi dalili ba. Don haka gogaggu kan girka wasan da za su yi wa ƙari a wata folda dabam. Rami na biyu shi ne tsawon adireshin fayil. Manhajoji da yawa a Windows ba sa iya karanta adireshin da ya wuce haruffa 260. Folda cikin folda cikin folda, kowace da dogon suna, sai a wayi gari fayil yana nan amma wasa ya kasa isa gare shi. Gajeren suna kusa da tushen faifai ya fi.

Wuri Mai Kyau Ba Ya Tsarkake Mugun Kaya

Ya kamata a sani cewa mod da yawa manhajoji ne sosai, masu iya aiwatar da umarni a kwamfuta. A watan Yuni na 2023 an gano wata muguwar manhaja da aka sa wa suna fractureiser, wadda aka ɓoye cikin waɗansu mod na Minecraft bayan an sace asusun masu haɗa su. Aikinta shi ne satar kalmomin sirri da yaɗa kanta zuwa sauran fayiloli. Ko a wace folda aka ajiye irin wannan, da zarar wasa ya loda shi ɓarna ta auku. Wannan gargaɗi ne musamman ga malamai masu kula da ɗakin kwamfuta na makaranta, inda na'ura ɗaya ke ɗauke da aikin mutane da yawa: kada a bar ɗalibi ya girka komai da asusun mai cikakken iko.

Kammalawa

Kafin a taɓa komai, a kwafi fayilolin asali da na ci gaban wasa a ajiye a wani wuri. A karanta bayanin da mai haɗa mod ɗin ya rubuta, a tabbata ya dace da bugun wasan da ake da shi. A riƙa girka ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa, kamar yadda muke canza abu guda kacal a kowane gwaji a ɗakin bincike, domin idan matsala ta taso a san mai laifi. Ɗan ƙanwata ya sāke sauko da wasansa bayan kwana uku, kuma abu na farko da ya yi shi ne ya kwafi foldar gaba ɗaya ya ajiye. Hausawa dai sun riga sun ce rigakafi ya fi magani.