Tuƙi a Chiang Mai: Yadda Baƙi Ke Koyon Titin Tailan

Chiang Mai birni ne a arewacin Tailan, kimanin kilomita 700 daga Bankok, a cikin wani kwari da tsaunuka suka kewaye. Sarki Mangrai ne ya kafa shi a shekarar 1296, ya zama cibiyar daular Lanna. A yau yana cikin garuruwan Asiya da 'yan ƙasashen waje suka fi yi wa zaman dindindin. Akwai dattawan da suka yi ritaya daga Ingila, Amurka, Jamus, Ostireliya da Japan, waɗanda dokar ƙasar ta ba damar samun bizar zama idan sun kai shekara 50 kuma suna da baht 800,000 a banki ko kuɗin shiga na baht 65,000 a wata. Akwai malaman Turanci, da matasa masu aiki ta intanet, da iyalan Sinawa da suka kawo 'ya'yansu karatu. Arahar rayuwa da kyawun asibitoci da sanyin hunturu ne suka jawo su. Amma duk wanda ya sauke kaya a garin, ba ya daɗewa sai titi ya zame masa jarabawar farko, domin birnin ba shi da jirgin ƙasa na cikin gari, manyan motocin bas kuma ba su taka kara sun karya ba. Kasuwa, asibiti, ofishin shige da fice, duk sai da abin hawa.

Tsohon garin murabba'i ne, kowane gefe wajen kilomita ɗaya da rabi, da burbushin ganuwa da ramin ruwa kewaye da shi. Tituna biyu ne ke bin wannan rami, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, kowanne hannu ɗaya, kuma sun saɓa wa juna. Wanda ya wuce kwanarsa ba shi da damar komawa da baya, sai ya nemi ɗaya daga ƙananan gadojin da ke tsallake ruwan ya juya. Daga nan manyan hanyoyi suka fita zuwa unguwanni, sannan hanyoyin zobe suka kewaye birnin, inda gudun mota ke ƙaruwa sosai. A tsakanin waɗannan akwai lunguna da ake kira soi, wasu da ƙyar mota biyu ke giftawa a cikinsu.

A Tailan ta hannun hagu ake tuƙi, sitiyari yana dama. Najeriya ta bar wannan tsari tun a watan Afrilun 1972, Gana ta bi baya a 1974, don haka direban Afirka ta Yamma yana cikin halin da Ba'amurke ko Bafaranshe ke shiga. A tsakiyar cunkoso abin bai da wuya, tunda mutum na bin na gabansa ne. Kuskuren yakan zo ne da asuba a kan titin da babu kowa, ko wajen fitowa daga gidan mai, lokacin da hannu ke komawa ga abin da ya saba ba tare da shawara da ƙwaƙwalwa ba. Mai tafiya a ƙasa shi ma sai ya sake koyon duba dama kafin hagu.

Motar hayar da ta fi yawa ita ce songthaew, wato a-kori-kura da aka rufa wa baya aka sa benci biyu suna fuskantar juna. Jajayen su ne na cikin gari. Ba su da tasha, ba su da tsayayyar hanya. Fasinja zai tsaya a bakin titi ya miƙa hannu tafi na kallon ƙasa, ya faɗa wa direba inda za shi ta taga. In hanya ta yi daidai direba ya gyaɗa kai, in ba ta yi ba ya girgiza ya wuce. Baht 30 ne kuɗin da aka saba biya a cikin gari. Sauran launukan na garuruwan kewaye ne, misali shuɗaye na zuwa Lamphun, farare San Kamphaeng. Abin da wannan ke nufi ga wanda ke bayan jar mota shi ne tana iya taka birki ko'ina, a kowane lokaci. Akwai kuma tuk-tuk, ɗan'uwan a-daidaita-sahu, sai dai ya fi tsada kuma sai an yi ciniki. Manhajojin Grab da Bolt sun sauƙaƙa wa baƙi sosai, tunda sun raba su da matsalar harshe da ta farashi.

Amma sarkin titi babur ne. Ƙananan babura irin su Honda Wave da Honda Click su ne ƙafar talaka da ɗalibi da ma'aikaci. Ana ganin uwa da yara biyu a kan guda ɗaya, ƙaramin yana tsaye a gabanta riƙe da madubi. Ana ganin mai sayar da abinci ya ɗaura wa nasa ƙaramin shago a gefe, da tukunya da laima. Idan danja ta tsayar, baburan sukan kutsa ta tsakanin motoci su taru a sahun gaba, idanu a kan allon da ke ƙidaya daƙiƙoƙin da suka rage. Da lamba ta kusa sifili sai su tashi gaba ɗaya.

Abin da ke fara ba baƙo mamaki shi ne shiru. Ba kasafai ake jin ham ba, balle zagi ta taga. Mutanen Tailan suna ɗaukar nuna fushi a bainar jama'a abin kunya ne ga mai fushin kansa, sanyin zuciya kuma shi ne alamar tarbiyya. Ɗan gajeren ham yana nufin “ga ni nan kusa da kai”. Dogon ham na fushi kuwa cin fuska ne, kuma a nan ne rigimar da ba a zata ba ke iya tashi. Wannan ladabi na gaskiya ne, har ma yana da amfani: mota za ta turo hanci a hankali daga lungu, na kan hanya su sassauta, ta shige, babu wanda ya ɗaga murya. Sai dai shi ne kuma ke yaudarar baƙo, ya ɗauka cewa inda babu hayaniya babu haɗari.

Ƙa'idojin da ake bi a zahiri ba duka ne ke cikin littafi ba. Ta farko, kowa abin da ke gabansa yake kula da shi, na baya shi ke da alhakin kiyayewa. Shi ya sa mai babur zai fito daga soi ya karya hagu ya hau babban titi bai ko waiga ba. Ta biyu, babba ke da hanya: tirela da bas sun fi a-kori-kura iko, ita ta fi ƙaramar mota, babur yana ƙasa, mai ƙafa ne na ƙarshe. Sai kuma batun fitila. A Ingila, direban da ya ƙyafta maka fitila yawanci hanya yake ba ka. A Tailan cewa yake “kada ka shigo, ba zan tsaya ba”, kuma Turawa da yawa sun sha da ƙyar kafin su gane haka. A mararraba da dama an yarda a karya hagu ko da danja ta nuna ja. A gefen kwalta kuma, ganin babur yana tahowa ta hannun da ba nasa ba abu ne na yau da kullum, don gudun dogon zagaye.

Dogon zagayen nan yana da tushe a ginin hanyoyin. Manyan titunan ƙasar an raba su biyu, kuma maimakon mararraba sai aka bar wuraren juyawa a tsakiya. Mai son komawa ɗaya ɓangaren dole ya shiga layin masu gudu, ya tsaya a can, sannan ya kutsa cikin wani layin masu gudu. Babbar mota idan za ta juya takan tare layi biyu ko uku. Waɗannan wurare suna cikin mafi muni a kan hanyoyin Tailan, musamman da dare.

Alƙaluma ba su da daɗin ji. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 ya sa Tailan a matsayi na biyu a duniya wajen yawan mace-macen hanya gwargwadon yawan jama'a, Libiya kawai ke gabanta. Rahoton 2018 ya ƙiyasta mutum sama da 22,000 a shekara, wato kusan 33 cikin kowane 100,000, kuma wajen kashi uku cikin huɗu na mamatan masu babur ne da masu ƙafa uku. A rahoton 2023 adadin ya sauka zuwa kimanin 25 cikin 100,000. An samu ci gaba, amma har yanzu asara ce mai nauyi, kuma matasa ne ta fi ci. Gudu, giya da rashin hular kwano su ne manyan dalilai. Dokar sa hular ta game ƙasar tun 1996, amma a ƙauye da dare, da kuma a kan wanda aka goya, ba a cika ganinta ba. Wasu sukan rataye ta a jikin babur, sai sun hango shingen 'yan sanda su kifa ta.

A cikin motoci da yawa akwai furen yasmin rataye a madubi da ƙananan gumakan Buddha a gaban direba, sabuwar mota kuma akan kai ta wurin malamin addinin ya sa mata albarka ya ɗiga farin alli a rufinta. Wasu baƙi sukan yi saurin ɗora laifin haɗurra a kan wannan imani, su ce mutane sun miƙa wuya ga ƙaddara. Hukuncin ya yi gaggawa. Raunin aiwatar da doka, da tsarin hanyoyi, da rashin motocin haya da ke tilasta wa yaro ɗan makaranta hawa babur, sun isa su bayyana yawancin abin da ke faruwa.

Su kansu baƙin ba tsarkaka ba ne a wannan lamari. Hayar babur a Chiang Mai ba ta da tsada kuma ba ta da wuya. Shaguna da yawa ba sa tambayar lasin, fasfo ko kuɗin ajiya kawai suke karɓa. Mutumin da bai taɓa hawa babur a ƙasarsu ba sai ya karɓi makulli, da gajeren wando da silifa, ya nufi tsaunin Doi Suthep ko hanya mai lamba 1095 da ke zuwa garin Pai, wadda ta shahara da lanƙwasa 762 a tafiyar kilomita 130 da 'yan kai. Hawan ba shi ne matsalar ba. A gangara ne birkin ƙaramin babur ke ɗaukar zafi ya daina kamawa idan an matse shi babu sassauci. Ganin baƙo da bandeji a gwiwa da gwiwar hannu, ko ƙunar salansa a ƙwauri, ba baƙon abu ba ne a titunan Pai.

Yanayi ma yana da nasa. Ruwan farko na damina, wajen watan Mayu, yakan taso da man da ya taru a kwalta ya mai da ita santsi. Daga Fabrairu zuwa Afrilu hayaƙin ƙona gonaki da daji yana rufe kwarin har tsaunuka su ɓace. Sai bikin Songkran na sabuwar shekara, 13 zuwa 15 ga Afrilu, lokacin da ake watsa wa juna ruwa, kuma gefen ramin Chiang Mai na cikin manyan dandalinsa a ƙasar. Bokitin ruwan ƙanƙara a fuskar mai babur da ke cikin tafiya ba wasa ba ne. Hukumomi suna kiran makon bikin, da na sabuwar shekarar Janairu, “kwanaki bakwai masu haɗari”, suna fitar da adadin mamata kullum, kuma jimillar takan haura 200. Tsofaffin mazauna da yawa sukan ajiye babur a makon.

Baƙon da zai zauna yana buƙatar lasin ƙasar daga Sashen Sufurin Ƙasa. Ana neman fasfo da biza, takardar likita, da shaidar wurin zama daga ofishin shige da fice ko ofishin jakadanci. Ana gwada gane launuka, saurin taka birki da iya auna nisa. Lasin farko na shekara 2 ne, bayansa na shekara 5. Na mota daban, na babur daban, kuma a nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami: lasin mota na ƙasa da ƙasa bai halatta hawa babur ba. Tarar da za a ci mutum a shinge ƙaramin abu ne. Babbar asarar ita ce kamfanin inshora na iya ƙin biyan kuɗin asibiti idan aka yi haɗari babu lasin da ya dace, ko babu hula, ko da giya a jiki. Iyakar giya a jini miligiram 50 ce, ga 'yan ƙasa da shekara 20 da masu lasin wucin gadi kuma 20.

Kowane abin hawa dole ya kasance da inshorar tilas da dokar 1992 ta kafa, wadda ake kira Por Ror Bor. Jinyar mutum take ɗauka, ba gyaran mota ba, kuma kason farko baht 30,000 ne, kuɗin da asibiti mai zaman kansa zai iya cinyewa a dare ɗaya. Idan haɗari ya auku, lambar motar asibiti 1669 ce, ta 'yan sandan da ke kula da baƙi 1155. Sau da yawa 'yan sa-kai na ƙungiyoyin agaji ne ke fara isowa. Al'ada ita ce a ɗauki hoto, a kira wakilin inshora, wanda yakan iso a kan babur da takardunsa, sannan a sasanta, wani lokaci a caji ofis. Wanda ya yi magana a hankali ya nuna damuwa da wanda ya ji rauni yakan fita da sauƙi fiye da mai ɗaga murya, ko da shi ke da gaskiya. Akwai tsohon ƙorafi a tsakanin baƙi cewa su ake ɗora wa laifi don ana ganin su ke da kuɗi; shi ya sa ƙaramar kyamarar gaban mota ta zama abin da kusan kowa ke sawa.

Mai tafiya a ƙasa shi ne ya fi kowa rashin gata. Zanen tsallaka titi ba ya tsayar da mota a mafi yawan lokuta, gefen hanya kuma babura da rumfunan abinci sun cinye shi. A watan Janairun 2022 wani ɗan sanda a kan babban babur ya kashe wata likitar ido, Dokta Waraluck Supawatjariyakul, tana kan zanen tsallakawa a Bankok. Mutuwarta ta girgiza ƙasar. A watan Satumban shekarar aka ɗaga iyakar tarar ƙin tsayawa a irin wannan wuri, da ta wuce jar danja, da ta gudun wuce kima, zuwa baht 4,000, ta rashin hula kuma zuwa 2,000. Daga Janairun 2023 aka fara tsarin maki: kowane direba yana da 12, ana zabge masa gwargwadon laifinsa, idan suka ƙare a dakatar da lasinsa na kwana 90. Tsarin ya shafi baƙon da ke riƙe da lasin Tailan kamar yadda ya shafi ɗan ƙasa.