Sandringham: Gidan gonar sarakunan Ingila da agogonsa ya taɓa yin gaba da na kowa

A 1862 aka sayi gidan gona na Sandringham, a yankin Norfolk da ke gabashin Ingila, domin yariman da daga baya ya zama Sarki Edward na Bakwai. Mutum ne mai son farauta ƙwarai, har ya sa aka tura agogunan gidan gaba da minti 30 domin a fita da wuri a mori hasken rana. Haka hadimai suka yi ta fama da lokaci iri biyu, sai a 1936 Edward na Takwas ya soke al'adar.

Gidan ba na gwamnati ba ne, gado ne na iyali. Shi ya sa da Edward na Takwas ya yi murabus, sai da ƙanensa George na Shida ya biya shi kuɗi kafin gidan ya zama nasa.

A nan George na Shida ya rasu cikin barci ranar 6 ga Fabrairu, 1952. 'Yarsa, Sarauniya Elizabeth, lokacin da take raye ta saba zuwa bikin Kirsimeti tare da iyalinta. Baƙi su watse, ita kuwa ba ta barin gidan sai wannan rana ta wuce.