Yadda ake gyara rufin mota mai cirewa idan ya tsage

Daga cikin motocin da ake shigo da su Najeriya daga Amurka bayan an yi amfani da su, akwai waɗanda rufinsu ba a haɗe yake da gangar jiki ba. Ana kwance shi a ajiye, a mayar idan an ga dama. Wadda aka fi sani ita ce Jeep Wrangler, wadda tun daga samfurin 2007 ake yi wa rufi mai kashi uku: falle biyu marasa nauyi a saman direba da mai zaman gaba, sai babban kashi na baya wanda ke ɗauke da gilasai. Irin wannan ce rumfar da ake kifawa a bayan motocin a-kori-kura kamar Toyota Hilux.

Irin wannan rufi yakan tsage idan ya suɓuce wa masu sauke shi, ko aka matse nocinsa fiye da kima, ko aka ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. Da rani mai mota yana iya kawar da kai. Da zarar damina ta sauka sai ruwa ya riƙa bi ta tsagar yana jiƙa shimfiɗar ƙasa, ya kai ga wayoyin lantarki, ƙarfen ƙasan motar kuma ya fara tsatsa. Sabon rufi sai an yi odarsa daga waje da kuɗin ƙetare, don haka akasarin masu motocin gyara suke nema.

Kuskuren farko shi ne a ɗauki aikin kamar na ƙarfe. Rufin ba ya karɓar walda, kuma filar da masu gyaran jikin mota ke shafawa kafin fenti ba ta riƙe komai, ɓoye tsagar kawai take yi. Motar na shiga hanya mai gargada sai layin ya sake fitowa, sau da yawa ya fi na da tsawo.

Kafin a taɓa komai sai an gane abin da aka yi rufin da shi, kuma a nan ne gyara yake yin kyau ko ya lalace. Yawancin rumfunan a-kori-kura faiba ce da aka shimfiɗa da hannu: wajenta sumul, cikinta da kaushi, ana ganin zaren. Wannan tana karɓar ruwan gam na foliyesta, wanda shi ne mai araha a kasuwa. Rufin Wrangler kuwa da wani haɗi ake yin sa da ake kira SMC, wato zaren gilashi da gam da aka matse cikin mazubi mai zafi, shi ya sa fuskokinsa biyu suke da santsi. A cikin haɗin akwai sinadarin da ake sa wa don kada ya manne wa mazubin, kuma wannan sinadari bai tsaya a fata ba, yana ko'ina cikin jikinsa. Saboda haka foliyesta ba ya kama shi da kyau. Facin yakan yi kamar ya zauna, daga baya ya ɓanɓare. Abin da ke kama shi shi ne gam ɗin ifoksi mai haɗi biyu, ko wanda aka rubuta a jikin gwangwaninsa cewa na SMC ne. Akwai kuma rufin roba zalla, wanda gyaransa na narkarwa ne da zafi.

Ana fara aikin ne da sauke rufin, bayan an cire wayar waifar baya da bututun ruwan wanke gilashi. Kashin baya ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma tsage-tsage da dama a wajen saukewar ake samun su. Sai a huda ɗan rami mai faɗin kamar milimita 3 a kowane ƙarshen tsagar, domin ramin yana rarraba nauyin da ke taruwa a tsinin, ya hana ta ci gaba. Daga nan a buɗe bakin tsagar ya yi kamar kwari, a goge kewayenta da samfefa mai kaushi, lamba 80, har tazarar yatsu huɗu ta kowane gefe, a share ƙura da maiƙo.

Ƙarfin gyaran daga ciki yake fitowa. A cikin rufin ne ake shimfiɗa ƙyallen zaren gilashi falle uku ko huɗu, kowanne a jiƙa shi da gam, a danne shi har kumfar iska ta fita. Idan da ifoksi ake aiki, ƙyallen da aka saƙa ya fi dacewa, domin na yankakken zare yawanci an ɗaure shi da wani sinadari da foliyesta ke narkarwa, ifoksi kuwa ba ya narkar da shi sosai. A yanayin zafi gam yana saurin daskarewa, don haka a inuwa ake aiki, a riƙa haɗa kaɗan-kaɗan bisa ma'aunin da kamfanin ya rubuta. Ƙara masa maganin daskarewa don a yi sauri raunana shi yake yi. A bar shi ya kwana guda kafin a juya waje, a cike kwarin, a goge, a fesa fenti mai ɗan kaushi irin na asali.

Ƙurar wannan aiki tana sa ƙaiƙayi, tana kuma cutar da huhu da ido. Takunkumin fuska da tabarau da safar hannu wajibi ne, ko da yake ba kasafai ake ganinsu a garejoji ba.

Ba kowace tsaga ce ke karɓar faci ba. Idan ta bi ta ramin noti ko ta kai bakin gilashi, sai an ƙarfafa wurin da ƙarin falle, wani lokaci har da ɗan farantin alminiyam. Idan kuma wani yanki ya ruguje, sayen kashin da ya lalace a kasuwar kayan gyara na hannu ya fi aminci. Bayan an mayar da rufin, a duba robobin bakinsa, a kwarara masa ruwa da tiyo na 'yan mintoci, wani yana ciki yana duba inda zai ɗiga.