Assaga: Ina Za A Kafa Farantan Sola?

Tattasai ne ya kai ni Assaga. So nake in ga da me ake ba shi ruwa yanzu a bakin kogin Komadugu, inda mutanen jihar Diffa ke kiran tattasai jan zinariya. Shekara da shekaru injin ban-ruwa mai shan fetur ne ke wannan aiki, sai ga dokar ta-ɓaci ta watan Fabrairun 2015: aka hana hawa babur, aka dakatar da cinikin tattasai da kifi, aka taƙaita sayen mai da takin zamani don kada su faɗa hannun Boko Haram. A shekarar ce aka kai wa Assaga hari, mutanen garin suka baro bakin kogi suka kafa bukkoki a gefen kwaltar da ta wuce Diffa zuwa Ngigimi. An sake buɗe cinikin tattasai a 2017, amma wahalar mai ba ta bar manomi ba.

Bayan gaisuwa da ruwan sha a wurin bulama, wato mai gari, na tarar ana shirin zama. Wakilin ƙaramar hukuma ya zo tare da wasu ma'aikatan aikin raya karkara, da maganar rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Babu wanda ya ce ba ya so. Rana dai ba a rasa ta a Diffa, kuma kowa ya ji labarin tashar wutar sola ta Malbaza ta 2018 da ta Gorou Banda kusa da Yamai ta 2023. Gardamar a kan wuri take: a kafa a bakin kwalta inda mutane ke kwana, ko a gangara fadama inda gonaki suke?

Mata suka ce bakin kwalta, don su ne ke bin layi da jarkoki. Mai filin da 'yan gudun hijira ke zaune a kai ya tambaya, cikin ladabi, ko rijiyar na nufin zaman ya zama na dindindin ke nan. Wakilin hukuma ya bayyana cewa sai aikin ya shiga tsarin raya ƙaramar hukuma, sai kuma an sami takardar fili, kafin a haƙa ko da taku ɗaya. Wani saurayi ya tuna musu ambaliyar 2019 da ta 2022, ya ce duk abin da aka kafa a ƙasa-ƙasa kogi zai zo ya gaishe shi.

Da aka tashi salla ne wani dattijo ya ja ni gefe. Hannunsa duk kanta, Hausarsa da karin Barebari. Ya ce mini: "Ɗana, su suna maganar wuta, ni bashi nake gani." Sai ya warware mini lissafin. Tun kafin dashe manomi ke zuwa wurin ɗan kasuwa ya karɓi mai da taki, a kan zai biya da buhunan busasshen tattasai idan an tsinka. Farashin kuwa tun ranar karɓar bashi ake yanke shi, lokacin da manomi ba shi da bakin musu. In tsutsa ta shiga gona, ko ruwa ya ci ta, ko aka hana zuwa bakin kogi na wasu kwanaki shuka ta ƙone, bashin yana nan daram, ya haye na baɗi. Ya ce ya san gidajen da suka yi shekaru suna noma wa wani riba. Famfon da ba ya shan mai, a wurinsa, shi ne hanyar da zai riƙe buhunansa har kasuwa ta yi kyau, ya sayar da kansa.

Na ce masa, "Baba, ai na sola ba ya aiki da dare." Ya yi dariya, ya ce wa ke kwana a bakin kogi yanzu? Damuwarsa daban ce. Farantan ba sa shiga aljihu; injin fetur kana iya ɗora shi a amalanke ka dawo da shi gida da yamma, su kuwa a daji za su kwana. Ƙurar hunturu na rage musu ƙarfi in ba a goge su, kuma lokacin ne tattasai ya fi son ruwa. Idan akwatin da ke sarrafa wutar ya ƙone, sai an nemo mai gyara daga Diffa, da kuɗin mota da na kaya. Ya ga rijiyoyin da aka buɗe da kaɗe-kaɗe, bayan ɗan lokaci awaki suna hutawa a inuwar farantansu.

A ganina tambayoyin dattijon nan sun fi na kowa nauyi a zaman, ko da yake bai yi su a bainar jama'a ba, don akwai masu ba shi bashi a wurin.

Bayan la'asar aka koma. An amince a fara da ruwan sha a bakin kwalta, tare da tanki a sama don a samu ruwa bayan faɗuwar rana, maganar gonaki kuma a kai ta zama na gaba tare da ƙungiyar manoma. Za a riƙa karɓar ɗan kuɗi a kan kowace jarka don asusun gyara. Wata mata daga baya ta ɗaga murya ta ce, "Bulama, a gafarce ni, kuɗin nan a hannun wa zai zauna?" Aka yi ta muhawara har aka tsayar cewa mace ce za ta riƙe asusun, malamin makaranta ya riƙe littafi, a kuma karanta lissafi a gaban jama'a duk ƙarshen wata. Mai filin ya ce zai shawarci 'yan'uwansa kafin ya sa hannu a takarda.